Ƙanwata mai sikila ta ƙara shekara saboda gwaji ɗaya: alfarma za mu nema ko haƙƙi?

Rabi'atu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kwana biyu ina juya maganar nan a raina, yau dai na ce bari in kawo ta nan, tunda a cikinmu akwai malaman jami'a, akwai ma'aikatan lafiya, akwai ɗalibai.

Ƙanwata tana aji uku a wata jami'a, kuma tana da sikila. Ciwon ya tashi mata a tsakiyar hunturun da ya wuce, daidai makon da ake gwajin tsakiyar zango. Kwananmu tara a asibiti, har jini aka ƙara mata. Gwaji biyu suka wuce ta, kowanne maki 30. Da aka sallame mu, na ɗauki takardar likita na raka ta sashensu. Malami na farko ya duba takardar, ya yi mata sannu, ya sa mata rana ta rubuta nata. Na biyun ya ce shi ba ya maimaita gwaji ga kowa, don in ya yi wa ɗaya sai ya yi wa ɗari. Ta shiga babbar jarrabawa da sifili, ta faɗi da maki kaɗan. Kwas ɗin kuma sai an ci shi ake ɗaukar na gaba, wato shekara guda ta ƙaru kenan.

Ban zo zagin malamin ba, bai wulaƙanta mu ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ciwo ɗaya, takarda ɗaya, sashe ɗaya, amma hukunci biyu. Ashe makomar yarinya ta rataya ne a kan halin wanda Allah ya haɗa ta da shi? Babu wani tsari a rubuce?

Abban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Malam Abdulƙadir: Amin. Hajiya Rabi'atu, ni malami ne, shekarata 14 ina koyarwa, kuma zan faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu ko da ba zai yi daɗin ji ba. Ajin 'yan shekarar farko da nake ɗauka ya haura mutum 500. Duk ranar da na yi gwaji, kafin mako ya zagayo takardun asibiti sun taru a teburina. Wasu na gaskiya ne. Wasu kuwa rubutun hannu iri ɗaya, hatimi iri ɗaya, ciwo iri ɗaya, zazzaɓi da taifot. Ni ba likita ba ne, ba ni da yadda zan tantance. In na karɓa duka, na cuci wanda ya kwana yana karatu ya zo ya rubuta a kan lokaci, don mai zuwa daga baya ya riga ya ji irin tambayoyin. In na ƙi duka, na cuci irin ƙanwarki. Abokin aikina ya zaɓi ƙi, ni nakan karɓa in tsara sabbin tambayoyi. Amma ban yarda a ce shi mugu ne ni na kirki ba. Dukkanmu an bar mu ne da hukuncin da bai kamata ya zama namu ba.

Sista Binta: Malam, bari in ɗan yi bayani a kan ciwon, don mutane da yawa suna jin sunansa kawai. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120 a jiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, gajiya ba ta rabuwa da su. Ƙwayar takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne azabar take tasowa a ƙashi da ƙirji da baya. Abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓi, wahala, tashin hankali. To ku dubi makon jarrabawa a cikin hunturu. Ba barci, ba cin abinci a kan lokaci, wanka da ruwan sanyi da asuba, zama a zaure mai tagogi a buɗe. Duk abin da likita ya ce ta guje masa an tara mata shi a mako ɗaya.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba. Dole mai sikila ya yi ta shan ruwa, ƙodarsa kuma ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa, don haka fitsari yake yawan yi. In aka hana shiga da gorar ruwa, aka kuma hana fita bayan gida har awa uku, yarinya za ta daina shan ruwa tun safe don kar ta ji kunya. Da daddare sai a kawo mana ita. Na karɓi irinsu ba sau ɗaya ba.

Wannan kuma ba ciwon mutum biyu ko uku ba ne. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu shi a duniya, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Babu jami'ar da za ta ce ba ta da su.

Nura: Ni dai ina da ja, kuma a yi min uzuri. Ina tausaya wa mara lafiya, amma digiri shaida ce cewa ka iya abu. In aka fara cewa wannan a ƙara masa lokaci, wancan a yafe masa halartar aji, ina za a tsaya? Gobe in ya kama aiki wa zai ƙara masa lokaci? Mu ma masu lafiyar muna da namu. Ni da sana'ar gyaran waya nake biyan kuɗin makaranta, wata rana ba na samun lakca, ba wanda ya taɓa ɗaga min ƙafa.

Sani Mai Keke: Nura ƙanina, tambayarka tana kan hanya, bari in amsa maka da abin da ya faru da ni. Shan inna ya kama ni ina shekara uku, a keken guragu na yi karatuna tun daga firamare har digiri. A aji biyu aka sa mana wani kwas a hawa na biyu na wani gini da ba shi da lif, ba shi da gangaren keke. Sau biyu a mako, abokaina huɗu ke ɗaukata da keken gaba ɗaya su haura da ni. Ranar da ba su cika huɗu ba, a gindin bene nake zama in jira wani ya sauko min da littafinsa in kwafa. Ƙarshen zango aka lissafa halartata ba ta kai kashi 75 ba, aka ce ba zan zauna jarrabawa ba. Ni da kullum nake riga kowa isowa ginin.

Yanzu ka faɗa min, da an mayar da ajin nan ƙasa, wane maki aka ba ni kyauta? Tambayoyin da za ka amsa su zan amsa, jan biron da zai bi ta kan takardarka shi zai bi ta kan tawa. Ba a auna hawa bene a kwas ɗin lissafin kuɗi. Abin da na roƙa a bar ni in isa inda ake awon ne kawai.

Kuma abin da ya fi yi min ciwo ba benen ba ne. Godiyar ce. Shekara huɗu ina godiya: na gode da kuka ɗauke ni, na gode Malam da ka duba lamarina, na gode da aka ba ni ɗaki a ƙasa. Mutanen sun cancanci godiya, har gobe ina yi musu addu'a. Amma mutum yakan gaji da zama abin taimako a kan abin da kowa ke samu ba tare da ya buɗe baki ba.

Nura: Yaya Sani, maganar bene na yarda ɗari bisa ɗari. Ƙarin lokaci a jarrabawa ne har yanzu bai kwanta min ba.

Sani Mai Keke: To ka ɗauki wanda hannunsa ke rawa, ko wanda yatsunsa suka ƙage. Abin da za ka rubuta a minti 10 shi sai ya yi 20, alhali amsar tana kansa tun kafin ka gama karanta tambayar. In ilimi ake aunawa, ba a ƙara masa komai ba. In kuma saurin hannu ake aunawa, sai a rubuta haka a jikin takardar shaida.

Dakta Maryam: Na yi digiri na uku a Ingila, na kuma ɗan koyar a can, bari in faɗi abin da na gani, ba don in ce komai nasu daidai ne ba. Damuwar Malam Abdulƙadir ita ce ainihin abin da tsarinsu ya magance. Malami ba ya karɓar takardar asibiti sam. Akwai ofishi guda da aikinsa kenan. Ɗalibi zai kai hujjarsa can tun farkon shiga, a zauna da shi, a rubuta abin da yake buƙata. Abin da zai iso wurina a matsayin malama gajeren saƙo ne: wannan ɗalibar tana da ƙarin lokaci kashi 25, tana da damar fita ta huta a tsayar mata da agogo, a tura mata takardun lakca kafin ranar aji. Ba za a gaya min ciwonta ba, ni ma ba ni da ikon tambaya. Ba ni kuma da ikon cewa ban ga dama ba, don dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa jami'a yin irin wannan gyara matuƙar bai wuce hankali ba.

In ciwo ya tashi ranar jarrabawa, akwai kwamitin uzuri. In ya amince, ɗalibi zai sake zama a matsayin karon farko, da cikakken makinsa. Wanda ya faɗi ne kawai ya zo maimaitawa ake tsayar wa maki a iyakar ci, galibi 40 a digirin farko. Kun ga an raba tsakanin wanda bai yi karatu ba da wanda ke kan gadon asibiti.

Su ma fa ba da shi aka haife su ba. A Amurka, a 1962, wani matashi mai suna Ed Roberts da shan inna ya shanye wa jiki daga wuya zuwa ƙasa ya samu shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da na'urar numfashi yake kwana, ɗakunan ɗalibai ba su iya ɗaukar ta ba, sai a asibitin jami'ar aka ba shi masauki. Wasu irinsa suka biyo baya, suka haɗa kai, suka yi ta matsa lamba. Dokar 1973 da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasassu bambanci, sai da suka mamaye ofishin gwamnati a San Francisco kusan wata guda a 1977 kafin a sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da ita. Babbar dokarsu kuma sai 1990 ta zo.

Abban Sadiƙ: Dakta, can akwai kuɗi. Nan jami'a wutar lantarki ma da ƙyar take biya.

Dakta Maryam: Gaskiya ne Abban Sadiƙ, lif kuɗi ne, na'urar rubutun makafi kuɗi ce. Amma nawa ake kashewa a sauko da aji daga sama zuwa ƙasa? Nawa ake kashewa a bar yarinya ta shiga da gorar ruwa, ko mai ciwon suga ya shiga da dabino a aljihu? Wanda ake wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, nawa za a kashe in an daina lissafa masa waɗannan ranaku a cikin fashin aji? Fiye da rabin abin da ake nema takarda ce da sa hannu.

Barista Usman: Bari in shigo da doka, don wasu na zaton babu ita. Akwai Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Sashe na 17 ya ba mai naƙasa 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ba. Sashe na 18 ya ce makarantun gwamnati, har da na gaba da sakandare, dole su zama waɗanda mai naƙasa zai iya shiga ya yi karatu, da ma'aikaci aƙalla ɗaya da aka horar don kula da su. An ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Hukuncin nuna bambanci tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani. An kuma kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Kafin duk wannan, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2010.

Saboda haka benen Sani, yau, saɓa doka ne. Lamarin ƙanwar Hajiya ya fi sarƙaƙiya. Dokar ta fassara naƙasa da tawaya mai daɗewa a jiki ko hankali ko gaɓoɓin ji da gani, wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. A fahimtata sikila mai tsanani ta shiga ciki, musamman wanda ciwon ya cinye masa ƙashin ƙugu har tafiya ta gagara. Sai dai dokar ba ta zauna ta ce ga yadda za a yi da gwajin da ya wuce ɗalibi ba. Wannan aikin majalisar kowace jami'a ne, ita ce mai ikon rubuta ƙa'idar jarrabawa.

Kuma akwai abin koyi a gida. Tun 2017 JAMB ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, yana shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na daban, Kano na cikinsu. Wato an yarda a gyara musu ƙofar shiga. Abin da ya rage shi ne abin da za su tarar bayan sun shiga.

Malam Habibu: Jama'a, ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar wannan kamar baƙon abu. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla. Aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Buhari. Ba a ce ya bar salla ba, ba a kuma ce sallarsa ragaggiya ce ba. Mara lafiya a Ramadan an ce ya sha ya rama a wasu kwanaki, adadin bai ragu ba, lokacin ne aka matsar. Nura, ka duba da kyau, gwajin da yarinyar nan ta nema ramuwa ce. Kuma rangwamen nan ba liman ne ke bayar da shi ga wanda ya ga dama ba. Hukunci ne tsayayye, mara lafiya ya san da shi tun kafin ya kwanta.

Nura: Malam, wannan misalin ya shige ni. Sai dai har yanzu maganar takardun bogi tana nan.

Ummu Hanan: Tana nan, amma akwai kishiyarta da ba wanda ya taɓo. A kan kowane mai ƙaryar ciwo, akwai mai ciwon gaske da ke ɓoyewa. Ina da farfaɗiya. Na gama jami'a ba wanda ya sani sai ƙawata ɗaya, domin mahaifiyata ta roƙe ni kar in faɗa, tana tsoron maganar aure. Ba ta yi kuskure ba, har yau akwai masu gudun mai farfaɗiya suna cewa yawunsa na yaɗa cutar, alhali ba a ɗaukar ta ta kowace hanya. Rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar min da ita. Akwai zangon da aka jera mana takardu uku a kwana biyu. Na san haɗarin, amma wa zan gaya wa? In na je ofis, a gaban masinja da ɗalibai biyar masu jiran sa hannu zan yi bayani, kafin la'asar labari ya gama sashe. Na yi shiru, na kwana biyu ban runtsa ba, na faɗi a banɗaki bayan takarda ta biyu. Ta ukun ban san me na rubuta ba.

Don haka duk tsarin da za a yi, in babu sirri a cikinsa, 'yan mata da yawa ba za su zo ba. Abin da Dakta ta faɗa, cewa malami ba ya sanin ciwon, shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina.

Sista Binta: Sannu 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya. Maganar bogi kuma tana da sauƙi fiye da yadda ake zato, Malam Abdulƙadir. Ai kowane sabon ɗalibi yana yin gwajin lafiya a asibitin makaranta lokacin rajista. Mai sikila gwajin jini ke nuna shi, ba a ƙirƙirar sa ranar gwaji. In asibitin ya buɗe rajistar masu ciwo mai daɗewa tun ranar farko, ya riƙe ta a sirrance, to ranar da ciwo ya tashi tabbatarwa kawai zai yi. Mai zazzaɓin kwana ɗaya kuma a bi da shi ta wata hanyar daban.

Malam Abdulƙadir: Na karanta duka. Ummu Hanan, maganarki ta taɓa ni, don na sha tambayar ɗalibi "me ke damunka?" ƙofar ofis a buɗe, ban taɓa kawo komai a raina ba. Daga yau na daina.

Hajiya Rabi'atu, ga shawarata. Kar ku koma wurin malamin, ya riga ya miƙa sakamako, ko yana so ba zai iya taɓa shi shi kaɗai ba. Ita ƙanwar taki ta rubuta takarda da sunanta zuwa ga shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe. Ta haɗa da takardar sallama mai ɗauke da ranar kwanciya da ranar fita, ta fara kai ta asibitin makaranta su buga mata hatimi, don shi ne wanda kwamiti zai yarda da shi. Ta ambaci cewa a ɗaya kwas ɗin an ba ta damar ramawa a kan wannan takardar. Ta nemi abu ɗaya tak, a ba ta gwajin da ya wuce ta. Ta riƙe kwafin da aka buga wa shaidar karɓa. Ban yi miki alkawarin za a dace ba, sakamakon da majalisa ta riga ta amince da shi yana da wuyar buɗewa, amma na ga an buɗe.

Ni kuma a nawa ɓangaren, muna da zaman sashe a ƙarshen wata. Zan kai shawarar a rubuta ƙa'ida ko da ta shafi ɗaya ce: wa ke tantance uzuri, cikin kwana nawa, me ɗalibi zai samu in an tabbatar. Barista, Dakta, Sista, in na zana daftarin zan turo muku ku duba.

Sani Mai Keke: Malam, a sa maganar jadawali a ciki. Kafin a raba azuzuwa a tambaya ko akwai mai keke ko sanda a kwas ɗin. In an riga an manna jadawali, canza shi sai an yi wata ana yawo.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta mata saƙonninku yanzu, ta ce takardar sallamar tana cikin jakarta tun ranar. Barista, in ta rubuta wasiƙar yau da daddare zan turo maka ka gyara mana kafin Litinin.

Barista Usman: Turo Hajiya. Ta sa lambar kwas ɗin da ranar da aka yi gwajin a layin farko.